Sai-Na-Gani: Rayuwar Matar da Ta Yi Shekara Talatin Tana Kallon Fitilun Ƙwaƙwalwa

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya, wadda dangi da abokan aiki suka fi sani da laƙabin Sai-Na-Gani, a shekarar 1954, a wani matsakaicin gari da layin dogo ya ratsa ta tsakiyarsa, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinta. Mahaifin nata mai ɗaukar hoto ne, mutum mai fara'a da yawan barkwanci, mahaifiyarta kuwa tela ce, mace mai ƙarancin magana wadda idan ta yi guda ɗaya sai an kwana ana juya ta. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce mace.

Masana sun san ta da binciken da ta yi a kan yadda magungunan ciwon damuwa ke taɓa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma an rubuta wannan a wurare da dama. Abin da ba a rubuta ba, wanda kuma iyalinta suka amince a bayyana domin amfanin na baya, shi ne cewa halin nan da ya ɗaukaka ta a fagen ilimi ya taɓa raba ta da 'ya'yanta har tsawon shekara biyar alhali suna gida ɗaya, kuma saura ƙiris ya raba ta da ranta.

Laƙabin ya samo asali ne tun tana 'yar shekara huɗu. Ba a gaya mata abu ta karɓa. Idan aka ce ruwa ya tafasa, sai ta ce sai ta gani. Idan aka ce kare na cizo, sai ta ce sai ta gani. Har ta koma ga Mahaliccinta akwai tabo a ɗan yatsanta na dama, shaidar ranar da mahaifiyarta ta ce mata dutsen guga da zafi. Uwar tana ɗaure mata yatsan ta ce, "To, Sai-Na-Gani, kin gani?" Daga ranar sunan ya bi ta, har wasu 'yan uwa na nesa suka manta da na yanka.

Mafi yawan ƙuruciyarta a ɗakin wanke hoto na mahaifinta ta yi shi, ɗan ƙaramin ɗaki mai jan ƙwan lantarki guda ɗaya da warin sinadari. Takan hau kan akwati ta leƙa cikin tire, ta zuba wa farar takarda ido har fuskar mutum ta fito a hankali daga cikin ruwa. A gaban shagon kuwa takan ji muryar mahaifinta yana ce wa masu ɗaukar hoto, manya da yara, "To, bismillah, a nuna haƙora!" A ra'ayinsa, hoton da babu haƙora a ciki na fasfo ne ko na 'yan sanda.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare a shekarar 1961, inda malamai suka yi ittifaƙi a kan abu biyu game da ita: kaifin basira da taurin kai. An ruwaito cewa da malamin aji huɗu ya ce duniya juyawa take yi, ta ɗaga hannu ta nemi a kai ta inda za ta tsaya ta gani, abin da ya jawo mata sharar aji ta mako guda. A shekarar 1968 ta wuce sakandare, kuma a can ne ta fara ɗora ido a kan madubin likita, wato na'urar da ke girmama abin da ido ba ya iya gani. Ɓawon albasa aka sa musu. Sauran ɗalibai suka leƙa suka wuce, ita kuwa sai da mai kula da ɗakin ya kashe fitila ya karkaɗa mabuɗai kafin ta ɗago kai.

A shekarar 1974 ta samu gurbi a jami'a, ta karanta ilimin harhaɗa magunguna, ta kammala da daraja ta ɗaya a 1978. Jami'ar ta riƙe ta a matsayin ƙaramar malama, daga bisani ta samu digirin digirgir a 1984 da bincike a kan yadda magunguna ke isa ƙwaƙwalwa. A jami'ar ne ta ƙulla abota da wata ɗalibar likitanci, mace gajera mai faɗar gaskiya ko da za a mutu, wadda daga baya ta ƙware a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Iyalin gidan Likita kawai suke ce mata, kuma haka za a kira ta a wannan tarihi.

Aure

A hutun shekarar 1979, tana taya mahaifinta aiki a shago, wani dogon saurayi malamin lissafi ya zo ɗaukar hoton neman canjin makaranta. Hoton ofis ne, ba a son dariya a ciki, shi kuwa bawan Allah ya kasa riƙe fuska. Sau uku yana ɓata fim, har mahaifin ya ce shekara talatin yana roƙon mutane su nuna haƙora, yau ga wanda ake roƙo ya ɓoye nasa. Saurayin ya dawo karɓar hoto, ya sake dawowa wai an ba shi na wani, ya kuma dawowa ba tare da wani dalili ba. A zuwa na huɗu ya cire kunya ya ce mata yana son ta, kuma zai riƙe ta da amana iya rayuwarsa.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sai na gani."

Ya ce, "To ki zuba ido. Ni ba inda za ni."

An ɗaura aurensu a shekarar 1980. Ita Malam take ce masa, shi kuma yana kiran ta Farfesa tun tana ƙaramar malama, don tsokana. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku: Babba, mace, a 1981; Ta-Tsakiya a 1984; sai Auta, namiji, a ƙarshen 1987. Sun zauna a gidan ma'aikata mai ɗaki uku, da famfo a tsakar gida, da tagar ɗakin kwana da ke kallon famfon. Waɗanda suka san gidan a shekarunsa na farko sun ce daga bakin titi ake jiyo dariya.

Ɗakin Duhu

Wajibi ne a ɗan yi bayanin aikinta, domin in ba a fahimce shi ba, ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba. Kowa ya san sinadarin kalsiyam da ƙarfafa ƙashi da haƙori, amma a cikin ƙwaƙwalwa wani aikin yake yi daban, aikin ɗan aike. Kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa takan tsare shi a waje ko ta kulle shi a rumbunta. Idan saƙo ya iso daga maƙwabciyarta, sai ta buɗe ƙofofi, kalsiyam ya kwararo ciki, ƙwayar ta san lokacin aiki ya yi, sa'an nan ta share shi ta rufe ƙofa ta jira saƙo na gaba. Masana sun samo wani rini da ke haskawa duk lokacin da ya haɗu da kalsiyam. Idan aka reni ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera a ɗan farantin gilashi, aka sa musu rinin, aka duba ta madubin likita a cikin ɗaki mai duhu, sai a gan su suna ƙiftawa, wannan ta kunna, waccan ta amsa, kamar gari bayan magariba ana kunna fitilu gida-gida.

A shekarar 1988 sashensu ya samu irin wannan madubi, aka ware mata wani ɗaki marar taga a ƙarshen baranda, ta liƙe ƙasan ƙofar da baƙin ƙyalle da mahaifiyarta ta ɗinka mata. Tambayar da ta sa a gaba ita ce: me maganin ciwon damuwa ke yi wa waɗannan fitilu? Ta ɗiga maganin a faranti, ta zuba ido. Abin da ta gani shi ne ƙiftawar ta ragu, ta yi sanyi, wasu ƙwayoyin ma suka yi ɗif. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, sakamakon bai sauya ba.

To, likitoci sun daɗe da sanin cewa irin wannan magani ba ya nuna amfaninsa ga majinyaci sai bayan makonni, galibi uku ko fiye. Ke nan abin da ya kamata a gani shi ne halin ƙwayoyin bayan makonnin. Nan gizo ke saƙa. Ƙwayoyinta ba sa kai wa nan. Kafin mako biyu sai su kumbura su mutu. Ta sauya ruwan abincinsu, ta sauya akwatin ɗumin da ake ajiye su, ta zargi wutar lantarki, ta zargi ƙura, ta zargi ɗalibanta. Farkon labarin kawai take gani, kullum farantin na mutuwa kafin a kai ƙarshensa.

Shekarun Ciwo

Ciwon ya shigo ne bayan haihuwar Auta, kuma ya shigo ba sallama. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ne da sauƙi. Abinci ya daina ɗanɗano, barci ya ƙaurace, magana ta zama kaya mai nauyi. Takan je aiki, domin ɗakin duhu ba ya neman fara'ar kowa, ta dawo ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Mutane kuwa, ka san ba a raba su da magana. Wasu suka ce boko ne ya yi mata yawa, wasu suka ce hannu aka sa mata, wasu marasa tausayi suka ce rashin godiyar Allah ne, mace da miji da 'ya'ya da albashi, me kuma take nema? Kamar mai ciwon suga ana tambayarsa me yake nema.

A shekarar 1989 Malam ya lallaɓa ta ya kai ta wurin Likita. Likita ta saurare ta tsaf, ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma yana da magani, ta rubuta. Marigayiya ta karɓi takardar, ta ga sunan maganin, ta tura mata abarta. Ɗan uwan wanda take ɗigawa a faranti ne.

Ta ce, "Ni za ki ba wannan? Na ga abin da yake yi da idona. Fitilu yake kashewa. 'Yan fitilun da suka rage mini a kaina ba su fi a ƙirga da yatsa ba, sai in sha in ƙarasa su?"

Likita ta ce, "Haba, ke fa kin fi kowa sanin faranti ba kai ba ne. Kuma ranar farko kike gani. Ni ina ganin mutane bayan wata biyu, suna shigowa nan da ƙafarsu suna tsokana ta."

"Ke kika gani. Ni ban gani ba. Ranar da ƙwayoyina suka kai mako uku na ga abin da ke biyo bayan duhun, zan sha."

"In kuma ba su kai ba fa?"

"Sai na gani."

Likita ta faɗa daga baya cewa a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa jin sha'awar marin majinyaci ba sai ranar. Kuskure ne irin wanda jahili ba zai iya yi ba. Sai wanda ya san abu rabi, kuma ya san shi da idonsa.

Shekarun da suka biyo baya sun yi wa gidan nauyi ƙwarai. Malam ya koyi girki, ya ƙona tukwane ba adadi. Ya koyi kitso a kan 'ya'yansa mata, irin kitson da idan yaran suka shiga aji sai malamai mata su kira su gefe su gyara. Babba tun tana 'yar shekara tara ta iya goya ƙane da hana shi ƙara, yaran duka suka koyi tafiya a kan yatsun ƙafa idan za su wuce ƙofar uwarsu. Kowace safiya Malam kan ajiye ƙwayar magani ɗaya da kofin ruwa a kan ɗan teburin da ke gefen gadonta, da yamma ya zubar da ruwan ya mayar da ƙwayar cikin kwalba. Bai taɓa yi mata faɗa a kai ba. Idan ta ce ya daina wahalar da kansa, ko ta ce ya je ya nemi macen da za ta amfane shi, amsarsa ɗaya ce: "Farfesa, ba inda za ni."

Mahaifinta ya rasu a shekarar 1990. Ta zauna zaman makoki idonta a bushe, kuma rashin hawayen ya fi mutuwar ci mata rai, don ta ɗauka zuciyarta ce ta mutu. A 1991 ta faɗa wa Likita cewa da za a wayi gari babu ita, da kowa ya huta. Likita ba ta ɓoye wa Malam ba. Ya roƙi a rage masa darussa, ya kwashe duk abin da ke da haɗari daga gidan, ya shiga raka ta aiki da ɗauko ta. A can ɗakin duhu kuwa faranti na bin faranti zuwa kwandon shara.

Tambayar Auta

Wata safiyar Asabar a shekarar 1992, Malam ya jera yaran a bakin famfo suna goge baki. Auta, yana ɗan shekara biyar, ya gano haƙorinsa na gaba yana girgiɗi, sai ya shiga binciken bakin kowa. Ya ƙirga na yayyensa, ya sa ubansa ya yi masa hamma. Can sai ya tambaya da ƙarfi, irin na yaron da bai san ana rage murya ba:

"Baba, ita Mama tana da haƙora kuwa?"

Malam ya fara dariya, sai ya katse ta. Babba ta kai wa yaron dundu ta ce ya rufe wa mutane baki. Malam ya ce, "Tana da su mana, ja'iri. Farare tas, sun fi nawa kyau."

Yaron ya tofar da kumfa ya ce, "Ni ban taɓa gani ba. Sai na gani."

Tagar ɗakin a buɗe take. Marigayiya ta ba da labari daga baya cewa ta kwanta tana lissafi, ta tarar yaron bai yi ƙarya ba: tun da ya zo duniya bai taɓa ganin ta tana dariya ba, ita 'yar mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon mutane su nuna haƙora. Ta ce a lokacin ta gane cewa ita tana jiran faranti, yaron kuma yana jiran ta, kuma faranti ana iya sake wani amma yaro ba ya sake zama ɗan shekara biyar. Da Malam ya shigo da yamma zai zubar da ruwa, ya tarar da kofin babu komai, ƙwayar ma babu. Ya ɗauki kofin ya fita waje ya daɗe. Wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta karɓi abu ba ta gani ba.

Kada a zaci abin ya zo da sauƙi. Makonnin farko bakinta ya bushe, jiri ya dame ta, ta yini tana gyangyaɗi, tana ce wa Malam, "Ai na faɗa muku." Maganin farko bai karɓe ta ba, sai da Likita ta sauya mata wani bayan wata biyu, aka sake sabon jira, ana haɗawa da zaman tattaunawa a asibiti. Sauƙin ya zo ne a hankali, har ita kanta ba ta lura ba. Ta fara cewa miya ta yi gishiri. Ta fara tambayar wa ya bar takalmi a ƙofa. Sai wata safiya Ta-Tsakiya ta shigo sallamar tafiya makaranta da sabon kitson ubanta a kai, layi ɗaya ya nufi gabas, ɗaya ya nufi kunne. Marigayiya ta kama kan yarinyar ta juya shi ta ce, "Innalillahi, wa ya yi miki wannan aika-aikar?" Malam daga bakin ƙofa ya ce, cikin alfahari, ai sabon salo ne, lissafi ne a ciki. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da riƙe ciki, har hawayen da suka ƙi zuwa ranar rasuwar mahaifinta suka samu hanya. Auta ya sheƙo a guje, ya tsaya ya leƙa bakinta da kyau, ya juya ya sanar da gidan: "Tana da su! Har da wushirya!"

Mabuɗi a Aljihun Malam

Da lafiya ta samu, ta koma kan farantanta da sabon tunani. Ta lura cewa ita kanta sai da ta yi makonni ba ta ganin komai kafin sauƙi ya bayyana, alhali ƙwayoyin nan kullum sai ta ciro su daga ɗumi, ta sa musu rini, ta haska su da fitila mai ƙarfi don ta ga yadda suka kwana. Rinin da hasken suna gajiyar da ƙwaya. Ashe ba wutar lantarki ba ce, ba ƙura ba ce, ba kuma ɗaliban da suka sha zargi ba ne. Yawan dubawarta ne ke kashe su.

A shekarar 1994 ta shirya sababbin faranta, ta tsara yadda za a riƙa ba su abinci da magani ba tare da an kai su ƙarƙashin madubi ba. Da yake ta san halinta, ta kulle ɗakin duhu ta damƙa wa Malam mabuɗin, ta ce ko ta yi kuka kada ya ba ta sai mako uku sun cika. Malam ya riƙa zuwa aji da shi a aljihu yana koyar da lissafi. A mako na biyu ta lallashe shi, ta yi fushi, ta ce leƙawa ɗaya kawai, har ta laluba aljihun rigarsa yana wanka. Ashe ya mayar da shi cikin safa. Ya ce mata, "Tukunyar da ake yawan buɗewa ba ta nuna da wuri, ni da na ƙona goma na sani."

Da wa'adin ya cika, ta shiga da shi ɗakin, karo na farko da ya taka wurin. Ƙwayoyin suna raye. A farantan da suka sha magani tsawon makonnin, fitilun da ta saba gani suna mutuwa sun dawo, kuma ba kamar da ba: hasken kan tashi daga wannan ƙwaya ya bi ta kan maƙwabta a jere, ya lafa, ya sake tashi. Ta daɗe idonta a kan madubin. Malam ya zaci kuka za ta yi. Sai ya ji ta ce wa ƙwayoyin, da muryar da take yi wa yara faɗa, "Kun makara."

Ta shafe shekara uku tana maimaita gwajin kafin ta wallafa shi a 1997. Wasu masana sun samu irin sakamakonta, wasu ba su samu ba, an yi ta muhawara, ita kuma ba ta taɓa da'awar cewa ta gano sirrin warakar ba. Duk taron da ta je takan rufe jawabinta da cewa faranti ba kai ba ne, Likita kuwa idan tana wurin sai ta ɗaga murya daga baya ta ce a rubuta sunan wadda ta fara faɗin maganar.

Shekarun Baya

An ɗaga ta zuwa muƙamin farfesa a shekarar 2003, Malam ya ce shi ya riga jami'a da shekara ashirin da uku. Ta yaye ɗalibai masu digirin digirgir goma sha ɗaya, kuma kowane sabon ɗalibi sai ta gaya masa ciwon da ta yi da bakinta, a zamanin da ake ɓoye irin wannan kamar abin kunya. Da yawa sun zo mata a asirce da matsalar uwa, ko miji, ko tasu, ta tura su wurin Likita. Nasiharta ba ta sauyawa: a je asibiti, a ba magani lokacinsa, kada a daina sai da izinin likita. Wannan ta ƙarshen ma sai da ta gwada, don hali zanen dutse ne. A 2009 ta ajiye maganin da kanta don ta ga ko ta warke, ciwon ya dawo cikin 'yan watanni, Likita ta wanke ta tas, kofin ruwa ya koma mazauninsa a gefen gado.

Ta yi ritaya a shekarar 2019, idanunta sun riga sun raunana. Ta koma renon jikoki da yi musu kitso, tana cewa bashin kitso take biya. Babba ta taɓa faɗa mata, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, cewa shekarun nan biyar sun yi mata ciwo kuma ta daɗe tana jin haushinta. Marigayiya ba ta kare kanta ba. Ta ce gaskiya ne, ciwon ba laifinta ba ne amma jinkirin nata ne, ta nemi gafara, suka yi kuka tare, sa'an nan suka ci abinci.

Rasuwa da Jana'iza

A farkon shekarar 2023 ciwon zuciya ya kwantar da ita a asibitin koyarwa na jami'ar da ta yi wa hidima. Malam, yana da shekara saba'in da uku, ya ƙi yarda kowa ya karɓe shi jinya. 'Ya'yan suka yi juyin duniya ya je gida ya huta, ya ce su ƙyale shi. A safiyar ranarta ta ƙarshe ya miƙa mata ƙwayar maganinta da kofin ruwa kamar kullum. Ta sha, ta riƙe hannunsa, ta ce ya matso don ba ta ganin fuskarsa sosai. Ya matso. Ta tambaye shi ko ya tuna abin da ya ce mata a shagon mahaifinta, da amsar da ta ba shi. Ya ce yaya zai manta, ai har yau jiran sakamako yake yi.

Ta ce, "Malam, na gani."

Allah ya karɓi ranta bayan azahar a ranar, tana da shekara sittin da tara. An yi mata sallah a harabar gidansu, aka kai ta makwancinta a maƙabartar da aka binne iyayenta. Jana'izar ta samu halartar malaman jami'a, da tsofaffin ɗalibanta, da wasu mutane da dama da iyalin ba su sani ba, waɗanda suka riƙa matsowa kusa da Malam suna cewa a hankali, ita ce ta tura su asibiti.

Ta rasu ta bar mijinta, da ƙannenta maza biyu, da jikoki bakwai, da 'ya'ya uku: Babba, shugabar wata makarantar 'yan mata, Ta-Tsakiya, injiniyar gine-gine, wadda har yau ba ta yarda namiji ya taɓa mata kai, sai Auta, likitan haƙori. Da masu ta'aziyya suka tambaye shi abin da ya ja shi ga wannan sana'a, ya ce ya duba bakin mutane dubbai, amma babu haƙoran da ya taɓa jira kamar na mahaifiyarsa, kuma ya gode wa Allah da ya nuna masa su har shekara talatin.

Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta.